Makarantar Ƙasa da Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shugabancinta da Tarbiyyar Yaran da Al'adunsu Suka Bambanta

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye da malamai suka saba yi mini, wasu a ofis, wasu a wurin ɗaurin aure da zarar an ji irin makarantar da na yi aiki. Na tara su wuri ɗaya don in huta da maimaici. Inda ra'ayina ne na faɗa, ba zan ɓoye ba.

Wai mece ce makarantar ƙasa da ƙasa? Duk wadda ta rubuta haka a allon ƙofarta ta zama ke nan?

A'a. Suna ba wuya, mai fenti ne ke rubuta shi. Za ka ga makaranta mai aji shida a cikin lungu ta laƙaba wa kanta wannan suna, babu wanda ya ce mata kanzil. Ta gaskiya ita ce wadda ke koyar da manhajar da ba ta ƙasar da take zaune ba, wata hukuma ta waje ke shirya jarrabawarta da makawa, kuma masu tantancewa daga waje na zuwa lokaci-lokaci su duba ta ciki da bai.

Asalin abin buƙata ce ta kawo shi. A 1924 ma'aikatan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da na tsohuwar majalisar ƙasashe, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, suka buɗe makaranta a Jeniba ta ƙasar Siwizalan domin 'ya'yansu. Kowa ya zo daga ƙasarsa, kowa da harshensa, kuma kowa na son ɗansa ya iya shiga jami'a idan an koma gida. A nahiyarmu ma abin ya daɗe: Hillcrest ta Jos an kafa ta a 1942 domin 'ya'yan 'yan mishan, Ghana International School ta Akara a 1955, makarantar Amurka ta Legas a 1964. Wadda ta fi burge ni ita ce Waterford Kamhlaba, wadda Michael Stern ya buɗe a 1963 a Suwazilan, ƙasar da yanzu ake kira Eswatini, don baƙi da farare su zauna aji ɗaya a lokacin da wariyar launin fata ta haramta haka a tsallaken iyaka, wato Afirka ta Kudu. 'Ya'yan Nelson Mandela mata sun yi karatu a can.

Har yanzu 'ya'yan jakadu da ma'aikatan kamfanonin waje ne suka cika su?

Da can haka ne. Yanzu lissafi ya juye. Kamfanin ISC Research, mai ƙididdigar irin waɗannan makarantu, ya ce a shekarar 2000 ba su fi 2,600 ba, amma zuwa 2023 sun haura 13,000, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na ɗaliban 'yan ƙasar da makarantar take ne. Wato ɗan attajirin Dubai a Dubai, ɗan ɗan kasuwar Legas a Legas. Manyan kamfanoni irin su Nord Anglia da Cognita da GEMS sun shigo, kowanne da makarantu barkatai.

Wannan sauyi ya canza aikin shugaba gaba ɗaya. Makarantar da aka gina don yaron da ya yi nisa da gida yanzu tana karɓar yaron da ke kwana a gidan ubansa, kakarsa na ɗaki na gaba. Idan ba a yi hattara ba, ita ce za ta mayar da shi baƙo a garinsu.

Waɗanne manhajoji ake bi, kuma wacce ta fi?

Huɗu ne suka fi yawa. Akwai IB, wato International Baccalaureate, wadda aka kafa a Jeniba a 1968, Alec Peterson ne shugabanta na farko. A shekara biyu na ƙarshe ɗalibi kan ɗauki darasi shida, uku a mataki mai zurfi, uku a matsakaici, kowanne maki 1 zuwa 7. A kan wannan sai ya rubuta dogon bincike da bai wuce kalma 4,000 ba, ya yi darasin nazarin yadda ake sanin abu, ya kuma yi aikin hidimar jama'a da wasanni da ƙirƙira. Makin ƙoli 45 ne, ana buƙatar aƙalla 24 kafin a ba shi difloma. Akwai ta Ingila, wato IGCSE wajen shekara 16, wadda hukumar jarrabawa ta Jami'ar Kambirij ta fara jarrabawarta a 1988, sai A Level wajen shekara 18, inda yaro kan taƙaita a darasi uku ko huɗu. Akwai ta Amurka mai tara maki shekara-shekara, a ƙara da jarrabawoyin AP da SAT da jami'o'i ke dubawa wajen ɗaukar ɗalibai. Sai ta Faransa mai ƙarewa da jarrabawar BAC, wadda hukumar AEFE da aka kafa a 1990 ke kula da makarantunta na ƙetare. Mutanen Yamai da Injamena da Yawunde sun fi kowa saninta.

Wacce ta fi? Ya danganta da yaron. Wanda ya san tun da wuri likitanci ko injiniyanci yake so, A Level za ta yi masa daɗi. Wanda hankalinsa ke ko'ina, yana son lissafi yana son adabi, IB ce tasa, sai dai ta fi cin barci.

Mene ne ainihin aikin shugaban irin wannan makaranta?

Mutane na zaton yini yake yana zagaya azuzuwa. Da ma haka ne. Rabin ranarsa kan tafi a kasafin kuɗi, bizar malamai, takardun ma'aikatar ilimi, janareto da motocin ɗaukar yara. Ɗaukar malaman shekara mai zuwa tun watan Nuwamba ake fara shi, domin zuwa Fabrairu ƙwararru duk an kwashe su.

Amma abin da ke cin shugabanni shi ne kwamitin amintattu. A makarantun da ba na riba ba, yawancin 'yan kwamitin iyaye ne, kuma iyaye masu tashi: yau yana nan, baɗi an mayar da shi Nairobi. Kwamitin da ya ɗauke ka aiki kafin shekara uku babu ko mutum ɗaya a cikinsa, sababbi sun zo da nasu buri. Wani bincike da aka buga a 2011 ya nuna shugaban irin waɗannan makarantu, a matsakaicin lissafi, ba ya kai shekara huɗu a kujera, kuma saɓani da kwamiti na kan gaba a dalilan tafiya. Ƙa'idar a baki mai sauƙi ce: kwamiti ya ɗauki shugaba, ya amince da kasafi, ya tsara inda aka dosa, shugaba kuma ya gudanar. A aikace kuwa, ranar da 'yar shugaban kwamiti ta faɗi lissafi, a ranar za ka san ko an yarda da ƙa'idar.

Me ya sa kuɗin makarantar ke tashi haka, wasu ma da dala suke karɓa?

Saboda da dala ko fam ake biyan malaman waje, kuɗin jarrabawa, kuɗin tantancewa da littattafai. A Najeriya kafin Yuni 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairu 2024 ta wuce 1,500. Makarantar da ke karɓar naira tana biyan dala ta ga tasku, iyaye ma haka. Ban ce babu masu cin ƙazamar riba ba. Akwai. Ku nemi a nuna muku kaso nawa na kuɗin ke tafiya ga albashin malamai; a makaranta mai lafiya shi ne kaso mafi girma nesa ba kusa ba.

Wane irin saɓanin al'ada ake samu a cikin aji?

Ba manyan abubuwa ba ne ke kawo rikici, ƙananan ne da babu wanda ya yi tunanin bayyanawa. Wata rana wata malama, sabuwar zuwa daga Amurka, ta shigo ofishina ranta a ɓace, yaro ɗan shekara goma sha biyu na biye da ita. Ta ce ta yi masa faɗa kan aikin gida, ta ce ya dube ta, ya ƙi. Ta maimaita sau uku, shi kuwa sai ƙara sunkuyar da kai yake. A wurinta wannan raini ne, ko alamar yana ɓoye ƙarya. Na tambaye shi da Hausa me ya faru. Idonsa na kan takalminsa ya ce, "Malam, ai faɗa take mini." Shi ke nan amsarsa, kuma ta isa. A gidansu yaron da ya tsura wa babba ido ana masa faɗa shi ne marar kunya. Duk iya ladabin da ya sani ya ba ta, ita kuma ta karanta shi a juye.

Ban ce ta yi laifi ba, ban kuma ce ya yi ba. Na bayyana mata, na kuma gaya wa yaron cewa a wurin mutanen wasu ƙasashe duban ido alamar gaskiya ce, kuma wata rana zai zauna gaban masu ɗaukar aiki da ke jiran ya dube su. Abin da nake so shi ne ya iya duka biyun, ya san inda ake kowanne. Ba na son ya koma gida ya tsare kawunsa da ido yana cewa haka aka koya musu.

Irinsu da yawa. Miƙa takarda da hagu. Malamin da ke son a kira shi da sunansa tsura, yaro kuwa bakinsa ba zai iya ba. Yaron Koriya da ke miƙa abu da hannu biyu, sunan gidansu kuma shi ne a farko, an yi wata guda ana kiransa da sunan kakanninsa. Yaron Indiya da ke kaɗa kai yana nufin e, malami na zaton a'a yake cewa.

Iyaye ma ba a bar su a baya ba. An taɓa kiran wani uba kan tafiyar kwana uku da za a yi da yara maza da mata. Malamin ajin ya yi bayani, uban ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, babu komai, Allah ya kai mu." Malami ya rubuta a takarda cewa uba ya amince. Ranar tafiya yarinya ba ta zo ba. Da na buga masa waya na ce, "Alhaji, mun ɗauka kun yarda," sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, kai ma?" Gaskiyarsa. Da ina wurin, da na ji a'ar da ke cikin wannan "babu komai". Tun daga ranar ba a zaman irin wannan sai da wani malami ɗan gari a ɗakin, ba don tafinta ba, tunda Turancin Alhaji ya fi na wasunmu.

Ɗana zai manta Hausa?

Idan kuka bari, zai manta, kuma ba makaranta kaɗai za a zarga ba. Na sha ganin iyaye suna daina yi wa yaro Hausa a gida wai don Turancinsa ya nuna. Kuskure ne babba. Wani masani a Kanada, Jim Cummins, tun 1979 ya bambance harshen hira da harshen karatu. Na hira, wanda ake wasa da shi a fili, yaro kan kama shi cikin kamar shekara biyu. Na karatu, wanda ake bayanin dalili da hujja da shi, kan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Kuma yaron da harshen uwarsa ya kafu shi ya fi saurin gina na biyu, domin wanda ya san mece ce hujja da Hausa kalma kawai zai nema a Turanci.

Shi ya sa makarantar da ke cin tarar yaro don ya yi yarensu a filin wasa ba ta fahimci sunan da ta ɗauka ba. Wannan tsohon salon makarantun kwana ne na zamanin Turawa, aka yi masa sabon fenti. IB ma tana da hanyar da ɗalibi zai ɗauki adabin harshen uwarsa a matsayin darasi ko da babu malaminsa a makarantar, a nemo masa mai taimako daga waje. Shugaba mai kishi ya kamata ya tambaya, ba ya jira iyaye su gano ba.

Ku kuma a gida, ku yi masa Hausa ta gaske, ba ta aike kaɗai ba. "Kawo ruwa" da "rufe ƙofa" ba sa gina harshe. A yi labari, a yi musu, a saurari rediyo tare, a bar shi ya kwana biyu wurin kakarsa. Ranar da ya kasa gaishe ta yadda ya kamata, ranar za ku ji ciwon abin, kuma lokacin gyara ya yi wuya.

Addini fa? Salla, azumi, hijabi?

Makarantu sun bambanta. Wasu na mishan ne kuma ba sa ɓoyewa, wasu na Musulunci ne masu bin manhajar Kambirij, da yawa kuma ba su jingina da kowane addini ba. Ku tambaya tun kafin ku biya. A waɗanda ba su jingina ba, shugaba nagari kan tanadi wurin salla da na alwala, ya duba jadawalin Juma'a, ya san abin da ke shiga tukunyar kicin.

Azumi kan matso da kamar kwana 11 duk shekara, don haka yakan faɗo kan jarrabawa: a 2019 ya kama kusan daidai da jarrabawar IB ta watan Mayu. Ranar jarrabawar waje ba ta ɗaguwa, amma ana iya sauƙaƙa motsa jiki, a ba masu azumi ɗaki mai sanyi lokacin cin abinci. Malamin da ya taso a Faransa, inda dokar 2004 ta hana sa alamomin addini na fili a makarantun gwamnati, zai iya zuwa da wata fahimta dabam game da ɗankwali. Aikin shugaba ne ya zaunar da shi tun makon farko, kafin ya furta wa yarinya abin da ba zai gyaru ba.

Gaskiya ne ana biyan malaman waje fiye da 'yan ƙasa a kan aiki ɗaya?

A wurare da yawa gaskiya ne, kuma wannan shi ne abin kunyar sana'ar. Malamin da aka ɗauko daga waje kan zo da kwantiragin shekara biyu, gida, tikitin jirgi, inshorar lafiya da gurbin karatu kyauta ga 'ya'yansa. Ɗan ƙasa da ke koyar da aji na gaba, wanda watakila ya shekara goma sha biyar a wurin, ya san kowane gida, albashinsa bai kai rabi ba. Hujjar da ake bayarwa ita ce ba za a samu na waje ba sai da haka. Na yarda a biya wa baƙo gida da jirgi, tunda ya baro nasa. Ban yarda ainihin albashin ya bambanta ba. Yara na gani. Kana koya musu daidaito a aji, su kuma suna lura da wanda ke zuwa a mota da wanda ke sauka daga acaɓa, da kuma launin fatar waɗanda ake ba muƙami.

Yaya ake kare yara daga miyagun malamai, tunda mutum na iya tsallakawa wata ƙasa?

Wannan darasi da tsada aka koye shi. A 2014 aka gano wani malami Ba'amurke, William Vahey, ya shafe shekaru da dama yana lalata da yara maza a irin waɗannan makarantu, daga ƙasa zuwa ƙasa, alhali an taɓa ɗaure shi kan irin laifin a Kalifoniya tun yana matashi. A shekarar aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na duniya kan kare yara, masu tantancewa irin su CIS, wato Majalisar Makarantun Ƙasa da Ƙasa, kuma suka tsaurara sharuɗɗa. Yanzu ana neman takardar 'yan sanda daga ƙasashen da malami ya zauna, a buga wa shugabansa na baya waya kai tsaye maimakon dogara da wasiƙa, a binciki duk shekarar da ta ɓace a tarihin aikinsa. Ku tambayi makaranta sunan jami'in kare yara. Idan aka tsaya kallon-kallo, kun samu amsa.

Tarihin wa ake koyarwa?

Tambaya mai kyau, kuma ba a cika yin ta ba. Yaro zai iya gama irin wannan makaranta ya san matan Sarki Henry na Takwas su shida, bai taɓa jin Daular Borno ko jihadin 1804 ba. Manhajojin sun bar wa makaranta zaɓi fiye da yadda ake zato. Malamai ne kan koyar da abin da aka koya musu. Idan aji ya haɗa ɗan Indiya da ɗan Pakistan, ko ɗan Turkiyya da ɗan Girka, har taswirar bango sai an yi tunani kafin a rataya ta.

Me ake nufi da yaran al'ada ta uku?

Wata masaniyar zamantakewa Ba'amurkiya, Ruth Hill Useem, ce ta fito da kalmar bayan binciken da ta yi da mijinta a Indiya a shekarun 1950. Yara ne da suka taso a ƙasar da ba ta iyayensu ba: ba su zama 'yan can ba, ba su kuma cika 'yan gida ba. Mu ma muna da su tun kafin a ba su suna, 'ya'yan Hausawan da aka haifa a Makka ko Sudan ko zangon Kumasi. Suna da saurin sabo da saurin kama harshe, amma tambayar "daga ina kake?" kan ba su wuya. Duk ƙarshen shekara abokai na tashi, shi ya sa makaranta mai hankali ke shirya bankwana na sosai, ba a bari yaro ya tarar da kujerar amininsa babu kowa.

Idan rikici ya ɓarke a ƙasar fa?

Dole shugaba ya shirya tun ana zaman lafiya. Yaƙin Khartum ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, saura 'yan makonni a fara jarrabawar ƙarshe, ɗalibai suka watsu ƙasashe. A 2020 cutar korona ta sa IB ta soke jarrabawar Mayu ɗungurungum. Ana ajiye takardun yara a intanet, a san wa zai kira wa, a ware kuɗin ko-ta-kwana. Abin da akan manta shi ne ma'aikata 'yan ƙasa: jirgin kwashe baƙi ba ya ɗaukar mai gadi da mai shara, kuma su ma suna da albashin da za su jira.

Ɗana zai iya shiga jami'ar gida da wannan takarda?

Zai iya, amma sai an shirya da wuri. A Najeriya ana karɓar A Level da diflomar IB ta hanyar shiga kai tsaye ta JAMB, sai dai kowace jami'a da sharuɗɗanta, kuma ana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Shi ya sa makarantu da yawa ke sa yara su rubuta WAEC tare da IGCSE. Ku yanke shawara tun yaro na shekara 14, lokacin zaɓen darussa, kada sai dala ta tashi a fara neman mafita.

Idan na je duba makaranta, me zan lura da shi?

Za a zagaya da ku wurin ninkaya da ɗakin kwamfuta, a nuna muku tutoci. Ku duba, ku yaba, sannan ku tambayi wace hukuma ce ta tantance su, a wace shekara, ku kuma duba sunansu a shafin hukumar da kanku. Ku tambayi shugabanni nawa aka yi cikin shekara goma, malamai nawa suka tafi bara, 'yan ƙasa nawa ne ke riƙe da sashe. A laburare ku nemi littafi ko ɗaya da harshen garin.

Sannan ku roƙi a bar ku ku tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi, minti goma kawai. Ku ga ko yaran na gaida mai gadi, da wane harshe, kuma ko shugaban ya san sunansa.